Tafi-da-Gidanka: Ɗinkin Tela Ko Na Kanti?

Bahaushe ya daɗe da kalmar tafi-da-gidanka a bakinsa. Ya kira motar majigi mai yawo ƙauye-ƙauye da ita, ya kira kotun da ke zama a bakin titi da ita, daga baya ya laƙaba wa wayar hannu. Amma a Turai da Amurka akwai motar da sunan ya zauna mata daram. Mota ce da aka shirya cikinta da gado da murhu da firji da tankin ruwa, wata har da ban ɗaki, mutum ya tuƙa ta da rana, inda dare ya yi masa ya ja labule ya kwanta. A can ba baƙuwa ba ce. Akwai filayen da aka keɓe mata a bakin teku da gindin duwatsu, akwai dokokinta, akwai kasuwar baje kolinta da ke ci kowace shekara a Dusuldof ta Jamus a ƙarshen watan Agusta, da wata a Bamingham ta Ingila a watan Oktoba. Lokacin annobar korona, da jirage suka tsaya otal-otal suka rufe, cinikinta ya yi tashin gwauron zabi. A 2021 kaɗai masana'antun Amurka sun fitar da irin waɗannan gidaje sama da 600,000, idan aka haɗa masu inji da waɗanda ake ja a bayan mota.

'Yan'uwanmu mazauna can ma abin ya fara shiga ransu, musamman masu yara, waɗanda kuɗin otal da wahalar neman abincin halal suka sa hutun makaranta ya zame musu zaman ɗaki. Duk wanda ya ɗaura niyya kuwa, tambaya ɗaya ke tare shi tun daga ƙofa: ya je wurin dillali ya sayi wadda kamfani ya gama haɗawa, ko ya sayi motar ɗaukar kaya fanko ya kai wa masu sana'a su gina masa ɗaki a ciki yadda ransa ke so? Ɗinkin tela ke nan da rigar kanti. Na ji wannan muhawara sau da dama, kusan kullum a kan abu biyu take ƙarewa, wace ta fi araha, wace ta fi kyau. Ni kuwa a wajena duka biyun ba su ne kan magana ba. Riga in ta yi maka kaɗan sai ka miƙa wa ƙaninka. Wannan ɗaki ne mai tukunyar gas da batir da igiyoyin wuta, yana gudun kilomita 110 a sa'a da 'ya'yanka a baya. Abin tambaya shi ne abin da ke ɓoye a bayan katakon nan mai sheƙi, da wanda ya sa hannu ya ce ya ɗauki alhakinsa.

Kafin a shiga ciki, akwai wata fahimta da ya kamata a gyara. Mutane na ɗauka motar kamfani daga tushe aka ƙera ta a matsayin gida, ta masu sana'a kuma kwaskwarima ce. Tarihi bai nuna haka ba. Volkswagen ta fara ƙera ƙaramar bas ɗinta mai siffar burodi a 1950, a 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fito da kayan ɗaki da ake zurawa a cikinta a fitar in an dawo daga tafiya. A Ingila ma, a waɗannan shekaru, kamfanin Martin Walter na garin Folkestone motar Bedford ya ɗauka ya mayar da ita Dormobile. Har gobe haka abin yake. Mafi yawan motocin kwana na Turai a kan Fiat Ducato aka gina su, wadda ake ƙerawa a Atessa ta Italiya tun 1981, sai kamfanoni irin su Hymer da Knaus na Jamus ko Adria na Sulobeniya su saye ta su yanka tagogi su shirya cikinta. Ko California ta Volkswagen, wadda ta fito a 1988, Westfalia ce ta riƙa haɗa ta shekara da shekaru kafin Volkswagen ta karɓi aikin ta mayar da shi Hanoba. Ashe kowa tela ne. Bambancin shi ne wani ya yanka wannan fasali sau dubu, ya gwada shi, ya kai shi gaban hukuma ta amince, kurakuransa sun riga sun fito a jikin motocin wasu. Wani kuwa naka ne na farko kuma na ƙarshe, a jikinka za a ga kuskuren.

Inda na fi ganin mutane sun faɗi shi ne nauyi, don shi ba a ganinsa da ido. Lasisin tuƙi na gama-gari a Turai ya tsaya ne a kan kilo 3,500, wato mota da duk abin da ke cikinta, har da kai da iyalinka da ruwan shanku. A Birtaniya waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairu 1997 ne kawai lasisinsu ya ba su damar kaiwa kilo 7,500 ba tare da wata jarrabawa ba. Doguwar motar kaya fanko takan kai kilo 2,100 ko kusa da haka, sai mutum ya ga ai yana da sararin kilo 1,400, me zai cinye wannan? Katako ne zai cinye shi, da tagogi, da rufin bango, da batir, da rumfar da ake maƙalawa a gefe. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, tankin lita 100 buhun masara guda ke nan da kake yawo da shi.

Na taɓa raka wani abokina mazaunin arewacin Ingila sikelin manyan motoci, ana saura kwana kaɗan ya fita tafiyarsa ta farko. Ya fi shekara yana tara kuɗi yana kai wa wani kafinta, kuma maganar gaskiya aikin ya yi kyau. Kantar girki ta katako mai kauri, tayil a bayan murhu kamar kicin ɗin amarya, durowoyi masu rufe kansu a hankali, gado mai ƙafafun ƙarfe. Muka cika tankin ruwa da na mai, matarsa da yaransa uku suka shiga, ya hau kan farantin sikelin ya kashe inji. Mai sikeli ya leƙo ta taga ya miƙo masa 'yar takarda. Na ga ya ƙura mata ido ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya juyo ya ce, "Yaya, ai ba mu ɗora kekunan yara ba ma, ga akwatunan tufafi suna gida." Motar ta haura iyaka da fiye da kilo ɗari. Da aka auna tayoyin baya su kaɗai, nan ma an wuce abin da kamfanin motar ya rubuta, domin kafinta ya tara tanki da batir da gado duk a baya. Mutumin bai yi ha'inci ba. Kafintan gida ne, a gida kuwa ba wanda ke tambayar nauyin kabad. Sai da aka ɓamɓare tayil, aka cire kantar aka sa mara nauyi, aka sauya tanki da ƙarami. Kuɗi biyu ke nan a kan aiki ɗaya. Da bai je sikelin ba, da a hanya zai sani, ko a hannun jami'an da za su ci shi tara su hana motar motsi sai an sauke kaya, ko a gangaren dutse inda birki zai gaya masa gaskiya. In kuma haɗari ya auku, kamfanin inshora na da hujjar janye jiki.

Kada a ɗauka motar kamfani ta kuɓuta daga wannan. Ita ma tana da nata wayon. Nauyin da ake rubutawa a takardar talla ya ƙunshi direba mai kilo 75 da tankin mai da ya kusa cika, kuma doka ta yarda ainihin nauyin ya bambanta da na takarda da kashi 5 cikin 100. Motar da aka ce kilo 3,000 ce tana iya zama 3,150, sararin kilo 500 da ka yi lissafi da shi ya koma 350, tun kafin ka ƙara rumfa da farantin sola da dillali ya kwaɗaita maka. Saka mutum uku a ciki ka ga abin da ya rage. Sai dai a nan aƙalla akwai lamba a rubuce da za ka riƙe kamfani da ita. A wurin ƙaramin mai sana'a, in ba kai ka nema ba, ba lallai ne a auna ba sam.

Bayan nauyi sai kujerun baya, kuma a nan ba na sassautawa ko kaɗan. Motar ɗaukar kaya an ƙera ta da kujeru biyu ko uku a gaba, bayanta fili ne na kwali da buhu. Duk kujerar da aka ƙara, daga baya ta zo. Ƙa'idar gwajin kujerun mota a Turai tana buƙatar kujera ta jure fizgar da ta ninka nauyi sau 20. Ma'ana yaro mai kilo 30 a lokacin karo yana jan bel ɗinsa da ƙarfin kilo 600. Akwatin katako da aka ɗaure da sukurori a siririn ƙarfen daɓen mota, aka shimfiɗa masa katifa aka rataya masa bel, ba kujera ba ce, komai kyan yadin da aka lulluɓe shi da shi. Akwai kujerun da aka gwada da gaske masu komawa gado da dare, kamar RIB da ake yi a Faransa, kuma masu sana'a na ƙwarai su suke sawa. Amma ko kujerar kirki sai an kafa ta yadda aka gwada ta, da farantan ƙarfe ta ƙarƙashin mota. Haka firji da murhu da kabad: duk abin da ke bayan ƙeyar direba, in bai kafu ba, makami ne ranar tsautsayi. Motar kamfani da aka yi wa rajistar mutum huɗu, kujerun huɗun an gwada su kafin a sayar. Ga mai yara, wannan kaɗai ya isa ya karkatar da sikeli.

Gas kuma mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin labarin iyalin da suka kwanta da janareto a cikin gida aka wayi gari babu su ba? Iskar da ta kashe su ba ta da wari ba ta da launi, kuma ita ce murhu ko hita ke fitarwa in ba su ƙona mai yadda ya kamata ba, a ɗakin da bai kai rabin shagon tela ba, tagogi a rufe saboda sanyi. Shi kansa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru. Shi ya sa ƙa'idar Turai mai lamba EN 1949 ta ce tukunyar gas ta zauna a akwatin da aka toshe shi daga cikin ɗaki, mai huda a ƙasa da gas zai zube waje. A Jamus duk shekara 2 ake binciken bututun gas na irin waɗannan motoci. Hitar dizal, wadda Webasto da Eberspächer suka yi suna a kanta, yanzu an cika kasuwa da kwaikwayonta mai araha, mutane na saya su huda daɓen mota su kafa da kansu. Hitar na iya yin aiki lafiya. Abin tsoro shi ne hudar da ba a toshe da kyau ba, da bututun hayaƙin da ya ƙare daidai ƙarƙashin tagar da yaro ke kwana. Ko wace iri ka saya, na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne.

Wutar lantarki tana yaudarar mutane saboda an ce bolt 12 ce, ba ta jan mutum. Ba ta ja, amma tana ƙonawa. Na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, in mai wat 2,000 ce, tana zuƙar sama da amfiya 160, wanda ke buƙatar waya mai kaurin yatsa da fis dab da batir. Siririyar waya za ta yi zafi a bayan bango inda ba mai gani. Wayar gida mai ƙarfe guda a ciki kuma girgizar hanya na karya ta a hankali. Batirin litiyam ya fi na dalma sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, kuma ana cin kusan duk wutarsa, amma ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙanƙara, sannan sababbin motoci na buƙatar wata na'ura tsakaninsa da injin kafin ya yi caji daidai. Duk waɗannan sananne ne ga wanda ya ƙware. Matsalar ita ce ranar da ka je karɓar mota, aikin gwani da na ɗan koyo kamanninsu ɗaya, fitila na kamawa, firji na sanyi. Haka raɓa: numfashin mutum huɗu da tururin girki na sauka a kan ƙarfe mai sanyi a bayan katako, in ba a yi rufin da kyau ba kuma ba a bar wa iska hanya ba, sai bayan damina biyu warin fumfuna da tsatsa su ba da labari.

Takardu ma suna da nasu ciwon kan. A 2019 hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, ta tsaurara sharuɗɗan sauya wa mota suna zuwa motar kwana. Bayan gado da tebur da murhu da ma'aji na ciki, sai kuma ta yi kama da motar kwana daga waje: tagogi a gefe, dogon rufi, zanen da ke nuna ko mece ce. Da yawa sun gama aiki tsaf aka dawo musu da takarda an rubuta motar kaya mai tagogi. A Jamus sai injiniyan TÜV ko DEKRA ya duba ya amince. Inshora kuwa dole a gaya mata duk abin da aka sauya, in an ɓoye ranar biya za a ji jiki. Sannan ga tarkon da masu neman araha ke yawan faɗawa: su sayi tsohuwar motar da ta gama wahalar rabon kaya, su zuba mata dukiya a ciki. Tun 29 ga Agusta 2023 duk faɗin Landan motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa, kuma yawancin motocin kaya da aka yi kafin ƙarshen 2016 ba su kai ba. Wasu biranen Faransa da Jamus ma suna da nasu shingen. Ɗaki sabo fil a kan injin da ya gaji, wannan gini ne a filin aro.

Wanda ya karanto zuwa nan zai ce na gama yanke hukunci. Ban gama ba, don motar kamfani na da aibin da ke ci mini rai. Na farko tsada: sabuwar California a Birtaniya ta haura fam 60,000, ga ta ƙarama, ba ban ɗaki. Abin da take da shi shi ne tsayinta bai kai mita 2 ba, tana shiga wuraren ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, ana kai yara makaranta da ita ranar Litinin, kuma in ka tashi sayarwa masu saye na nan. Na biyu, shiga goma ka fito, kamar ɗaya ka shiga. Sunaye ne da yawa, iyayen gida kaɗan: Thor ta Amurka ta saye rukunin Hymer a 2019, Trigano ta Faransa ke da Adria da wasu da dama. Gado a baya a gicciye, domin faɗin cikin Ducato mita 1.87 ne, ban ɗaki a tsakiya, tebur a bayan direba, tsawo mita 5.99 don kada a haura mita 6 inda kuɗin jirgin fito ke ƙaruwa a ƙasashe irin su Nowe. Lissafi ne mai kyau, amma lissafin ma'aurata biyu Turawa ne masu dafa taliya su sha shayi. Don a rage nauyi da kuɗi kuma, katakon siriri ne, maƙullan roba ne, suna karyewa. In abu ya lalace garanti biyu ne, na inji wurin wani, na ɗaki wurin wani, kowa na iya tura ka wurin ɗan'uwansa, ƙaramin murfi ya sa ka jira watanni. Manyan da aka gina wa ɗaki daban a bayan kan mota kuwa babban ciwonsu yoyo ne ta mahaɗar bango, shi ya sa yawancin kamfanoni ke sharɗanta binciken danshi duk shekara, in ka tsallake ɗaya garantin ya tafi.

A nan ne ɗinkin tela ke da bakin magana, kuma mu ya fi shafa. Ba wanda ya zauna a ofishin zane a Jamus ya yi tunanin alwala. Kwanon wanke hannu na motar kamfani bai fi kwanon sha ba, ga shi a sama, wanke ƙafa a cikinsa sai an jiƙa ko'ina. Mai sana'a kuwa zai iya yi maka ɗan gurbi a ƙasa kusa da ƙofar baya, da magudana da ruwan ɗumi, ka zauna ka yi alwalarka a natse ana tsuga ruwan sama a tsaunukan Sikotland. Ba wanda ya yi tunanin filin shimfiɗa darduma, inda mutum zai miƙe tsaye ya yi ruku'u ya yi sujada bai buga goshi a ƙafar tebur ba. Masan da ake sawa a motocin kamfani akwatinsa bai kai lita 20 ba, an yi shi don masu amfani da takarda, gidan da ake tsarki da buta kwana ɗaya ya cika. Murhun mai kai biyu ne a matse, tukunyar tuwon mutum biyar ba ta zama a kai, balle a sa muciya a tuƙa. Ga iyali mai 'ya'ya mata da maza da suka fara girma, da ke son labule da wurin kwana a rabe. Ga mai keken guragu da ke buƙatar faffaɗar ƙofa da abin ɗaga shi, ga dogon mutumin da gadon gicciye ba ya ɗaukarsa. Waɗannan ba son ƙawa ba ne, bukatu ne na gaske, kuma wanda motarsa ba ta biya masa su ba zai ajiye ta a ƙofar gida ta zama kayan kallo. Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba: firji da hita da masai da famfo, na kamfani da na mai sana'a galibi daga kamfanoni ɗaya ake sayo su, irin su Dometic da Truma da Thetford. Gwanin mai sana'a na iya yin aikin da ya fi na kamfani ƙarko, kuma ka san inda kowace waya ta bi.

Sai dai gwanin ne abin nema. Lokacin korona masu wannan sana'a sun tsiro kamar ciyawar damina, wanda jiya yake haɗa kabad ɗin kicin yau ya buɗe gareji. Da kasuwa ta lafa wasu suka rufe, da kafin alƙalamin mutane a hannunsu da motocin mutane a buɗe an yanka musu rufi. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako biyu sallah ya san yadda ake ji, sai dai nan ba yadi biyar ba ne, tarin shekaru ne. Don haka zuwa da kai ya fi aike. Kada ka tsaya kallon wadda aka gama aka goge aka ɗauki hoto. Ka ce a nuna maka wadda ake tsakiyar yi, kafin katako ya rufe bango, ka ga yadda wayoyi suka bi, ko an shafa maganin tsatsa a bakin ƙarfen da aka yanka. Ka tambayi takardar gwajin kujera, da takardar wanda ya haɗa gas, da zanen wuta. Ka tambaye shi nauyin da motar za ta kai, in ya ce ai ba matsala bai kawo lamba ba, ka yi sallama. Ka nemi ya haɗa ka da wanda ya karɓi mota a hannunsa shekara biyu da suka wuce. Motar ta kasance da sunanka, biya kuma kashi-kashi, gwargwadon aikin da idonka ya gani. A Birtaniya akwai masu sana'ar da ƙungiyar NCC ta tantance, a Amurka akwai tambarin RVIA, ba su ne ƙarshen magana ba amma sun nuna wani ya leƙa aikin. Mai niyyar yi da hannunsa kuwa, ya yi katako da fenti da labule, ya bar gas da kujeru da babbar wuta ga masu takarda.

Araha da ake hange ma sau da yawa ba ta kai yadda ake zato. In ka haɗa kuɗin mota mai lafiya da kayan kirki da ladan gwani, za ka ga ka matso kusa da farashin ta kamfani gwanjo. Ranar sayarwa kuma abin da ka ƙera don kanka, kai kaɗai ya yi wa daidai. Gurbin alwalar da ya fi komai daraja a wurinka, mai saye na iya ganinsa ɓarnar wuri.

Mai tunanin shigo da irinta gida ta Kwatano ko Legas, ya tuna an gina ta ne don sanyi. Ƙarfinta hita ne, mu kuwa sanyaya ɗaki muke nema, abin da batir ba ya iya ɗauka dare guda sai an kashe kuɗi mai yawa, kuma filayen kwana masu wuta da wurin zubar da ƙazanta da aka tsara ta dominsu babu su a hanyoyinmu. A nan masu walda da kafintocin Panteka ta Kaduna za su fi kamfanin Jamus sanin abin da ƙura da rana da ramuka ke yi wa mota. Amma sharuɗɗan nauyi da gas da kujeru ba su san iyakar ƙasa ba, rashin mai bincike bai rage haɗarin da komai ba.

Hukuncina shi ne, kada kowa ya saya ko ya ba da aiki sai ya yi hayar irin motar na mako ɗaya ko biyu, shi da duk waɗanda za su riƙa tafiya da shi, kuma ba a tsakiyar bazara kaɗai ba, har da lokacin ruwa da sanyi. Ya riƙe takarda ya rubuta duk abin da ya takura masa. In ya dawo takardar ba ta wuce layi biyu ko uku ba, kuma yana da yara, kuma wannan ce motarsa ta farko, ya sayi ta kamfani wadda ta yi shekara uku zuwa biyar, mai cikakkun takardun bincike, ya kai wa mai sana'a ya yi masa 'yan gyare-gyaren da ba su taɓa gas ko kujeru ba. In kuwa takardar ta cika da abubuwan da babu kamfanin da ke yi, to shi ne mai zuwa wurin tela, kuma yanzu ya san abin da zai ce a ɗinka masa. Ko wacce ka zaɓa, ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin ƙarshe ka cika tankunan, ka ɗora kayanka, ka sa iyalinka a ciki, ka hau sikeli.